Zauren WhatsApp A Ribah: Wa Ya Gani, A Ina, Yaushe?

A Ribah, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu da ke Masarautar Zuru, zaman majalisa bai tsaya ga gindin bishiya kaɗai ba yanzu. Ma'aikata da ɗaliban da ke karatu a Birnin Kebbi ko Sakkwato sukan ji halin da gida ke ciki ta zauren WhatsApp, wanda tun 2022 yake iya ɗaukar mutum 1,024.

A wasu wurare irin wannan zaure na gaisuwa ne da sanarwar ɗaurin aure. A nan kuwa magana ce ta rai da mutuwa. Ƙaramar hukumar tana iyaka da Jihar Zamfara, ta kuma daɗe tana shan wuya a hannun 'yan bindiga. Ran 17 ga watan Nuwamba, 2025, sun far wa makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka yi awon gaba da ɗalibai 25. A irin wannan rana uba ba ya jiran labaran rediyo. Waya yake dubawa.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Saƙon da ya ce "suna tafe" bai da amfani in bai faɗi wanda ya gani, da wurin, da lokacin ba. Saƙon muryar da aka ɗauka bara yana iya watsa kasuwa yau, manomi kuma ya bar dawarsa a gona. A 2018 BBC ta gano cewa wasu hotunan da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Jihar Filato ba na wurin ba ne, amma sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya. Saboda haka lalle mai karɓar saƙo ya lura da alamar kibiya biyu, watau saƙon ya bi hannaye da yawa. Tun 2020 ba a iya tura irinsa sai ga wuri ɗaya a lokaci guda.

Babban nauyin yana wuyan shugaban zaure, ko da yake galibi an fi son muƙamin da aikinsa. Yana da ikon goge saƙon kowa, da hana shiga sai da yardarsa, da taƙaita magana ga shugabanni kaɗai in hankali ya tashi. Zauren da aka bar ƙofarsa a buɗe, ba wanda zai rantse cewa babu ɗan rahoton ɓarayin daji a ciki. Don haka hanyar da sojoji ko 'yan sa-kai suka bi ba abin sanarwa ba ce, haka ma ranar da wani zai kai shanu kasuwar Bena.

Ga ɗalibai kuwa akwai aikin da ya dace da su: mayar da sanarwar hukuma saƙon murya cikin Hausa da Dakarci, saboda iyayen da ba su yi boko ba, tare da faɗin ranar da aka ɗauki muryar tun a farkonta.