Ko Ka Sani? Motar Tsere Ma Tana da Fukafukai

Ko ka san cewa motar da ake tsere da ita a gasar Formula 1 tana da fukafukai irin na jirgin sama, illa dai nata kifa su aka yi, ta yadda maimakon iska ta cira ta sama, sai ta danne ta da ƙasa? Duk wanda ya taɓa miƙa tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya ɗanɗana asalin wannan al'amari, domin in ya ɗaga yatsunsa iska ta cira hannun, in ya sunkuyar da su ta tura shi ƙasa. Fa'idar haka kuwa ita ce, mota in ta shiga kwana a guje babu abin da ke hana ta sulluɓewa face riƙon da tayoyinta suka yi wa kwalta, riƙon nan kuma yana ƙaruwa ne gwargwadon abin da ke danne su; sai masana suka ga ya fi a aro nauyin daga iska da a lafta wa motar ƙarfe, ko da yake iskar ma ba sadaka take yi ba, tana karɓar ladarta ta hanyar rage wa motar gudu a miƙaƙƙiyar hanya.

A shekarar 1968 aka fara ganin fukafukan a wannan gasa, sa'an nan a 1977 kamfanin Lotus na Colin Chapman ya fito da motar da aka sassaƙa cikinta yadda iskar da ke bi ta ƙarƙashi za ta riƙa tsotso ta zuwa ƙasa, kuma da wannan hikima direba Mario Andretti ya zama zakaran duniya a 1978.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce ɗaya daga cikin mashahuran makarantun ƙirar motocin tsere tushenta ilmin jirgin sama ne. Jami'ar Cranfield da ke Ingila an kafa ta a 1946 a wani filin jiragen yaƙi domin koyar da ƙirar jirage, kuma galibin ɗalibanta waɗanda suka riga suka sami digirin farko ne. Injiniyan da ya nufi harkar tsere yakan yi shekara guda a can, ya yi darussa, ya shiga aikin gayya tare da 'yan'uwansa ɗalibai a kan wata mas'ala ta ƙira, daga bisani ya rubuta kundin bincikensa shi kaɗai. Maƙwabtaka ma ta taimaka wa jami'ar ƙwarai, don kuwa masana'antar ƙungiyar tsere ta Red Bull tana Milton Keynes, ta Mercedes tana Brackley, filin tsere na Silverstone kuma ba shi da nisa. James Vowles, wanda ke shugabantar ƙungiyar Williams tun 2023, a nan ya yi digirinsa na biyu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a sana'ar shi ne yadda injiniyoyi suke ganin iska, alhali ita ba a ganinta. Wani lokaci sukan shafa wa fiffike fenti mai ruwa-ruwa, direba ya zaga fili ya dawo, sai a tarar iska ta zana hanyoyinta a jiki, injiniyoyi su duƙa suna nazari layi-layi, su gane inda ta bi lafiya da inda ta rabu da fiffiken ta hargitse. Babban kaso na aikin kuwa a ramin iska ake yinsa, wato wani dogon zaure mai ƙatuwar fanka, inda ake ɗora samfurin motar bisa bel mai gudu a madadin hanya. Hukumar gasar ta gindaya sharuɗɗa masu tsanani a nan: samfurin kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na girman motar, iskar kada ta wuce kilomita 180 a sa'a, kuma tun 2021 ƙungiyar da ta zo ta ɗaya ita ake ba mafi ƙarancin lokacin gwaji, ta ƙarshe kuma a ba ta mafi yawa.