Dave Bartholomew da Kiɗan Birnin New Orleans

A ƙarshen shekarun 1940 ne aka raɗa wa kiɗan rawa na baƙaƙen fatar Amurka sunan rhythm and blues, wato kiɗa mai ƙarfin ganga wanda ya tsiro daga blues da jazz da waƙoƙin coci. Cikin waɗanda suka tsayar da salonsa babu kamar Dave Bartholomew, wanda aka haifa a garin Edgard na jihar Louisiana a 1918. Asalinsa mabushin ƙaho ne, kuma a cikin 'yan badujalar sojan Amurka, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya goge wajen rubuta kiɗa da raba wa kowane makaɗi aikinsa.

A 1949 Lew Chudd, mai kamfanin faifai na Imperial, ya ɗauke shi aikin furodusa, wato wanda ke nemo mawaƙi, ya tara masa makaɗa, ya tsara yadda waƙa za ta tafi, sannan ya zaɓi ɗaukar da za a buga a faifai. A watan Disambar shekarar Bartholomew ya shigar da wani matashi mai kaɗa fiyano, Fats Domino, ɗakin ɗaukar sauti na Cosimo Matassa da ke titin Rampart a birnin New Orleans, suka fito da "The Fat Man". Ɗakin ƙarami ne, makirufo kaɗan ne, kuma tare ake ɗaukar kowa, don haka in mutum ɗaya ya kuskure sai a koma farko. Wannan ne ya sa Bartholomew ba ya ɗaukar wargi a wurin aiki, ya kuma riƙe ƙwararru irin su Earl Palmer a kan ganga da Herb Hardesty a kan saksafon. Dabararsa ita ce ya sa masu saksafon su riƙa maimaita gajeren amo mai kauri da ya aro daga rumbar Kuba, har kiɗan ya yi nauyin da ke tayar da mai sauraro tsaye.

Ladan aikin dai bai zo daidai da wahalarsa ba. "Ain't That a Shame", wadda ya rubuta tare da Domino a 1955, sai da farar fata Pat Boone ya sake rera ta kafin ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin gama-gari, domin a lokacin gidajen rediyo da yawa na ƙyamar muryar baƙar fata. An sayar da Imperial a 1963, kuma sai a 1991 aka shigar da sunan Bartholomew zauren karrama gwanayen rock and roll. Ya rasu a 2019 yana da shekara 100.