Intel a Kosta Rika: Me jarin ƙasashen waje ke bari idan mai shi ya tafi?

A watan Yulin 2025 kamfanin Intel, wanda ke ƙera ƙwaƙwalwar da ke cikin miliyoyin kwamfutoci a duniya, ya sanar da cewa zai rufe sashensa na harhaɗa kaya da gwada su da ke Kosta Rika, ya mayar da aikin Biyetnam da Maleshiya. Wannan ne karo na biyu da kamfanin ya yi wa ƙasar haka. Na farko shi ne a 2014, lokacin da ma'aikata 1,500 suka rasa aikinsu. Tambayar da ta daɗe tana damun masana tattalin arziki ita ce: idan babban kamfanin fasaha ya shigo wata ƙasa da kuɗinsa da injinansa, ya yi shekaru, sannan ya tattara ya tafi, me yake bari a baya?

Wane irin jari ake nufi?

Kuɗin waje yana shiga ƙasa ta manyan hanyoyi biyu. Akwai wanda mai shi yake sayen hannun jari kaɗan ko takardun bashin gwamnati, yana zaune a Landan ko New York, kuma yana iya sayar da su ya kwashe kuɗinsa cikin yini ɗaya. Akwai kuma jarin kai-tsaye, inda baƙo ke gina masana'anta ko ya sayi kaso mai tsoka a kamfanin gida har ya sami ta-cewa wajen tafiyar da shi. Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya sa iyakar a kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un masu kamfani. Daga nan zuwa sama, jarin kai-tsaye ne.

Wannan na biyun ne gwamnatoci ke rububi a kansa, har su yafe haraji su ba da filaye. Hujjarsu ita ce ba kuɗi kawai yake kawowa ba, yana zuwa da ilimi da dabarun aiki waɗanda za su yaɗu zuwa kamfanonin gida. Ko hakan na faruwa da gaske? Labarin Kosta Rika ya ba da amsa mai fuska biyu.

Yadda Intel ya zaɓi ƙaramar ƙasa

A watan Nuwamban 1996 Intel ya bayyana cewa zai kashe dala miliyan 300 wajen gina masana'anta a Belén, kusa da babban birnin ƙasar, San José. Mutane da yawa sun yi mamaki, domin a lokacin al'ummar Kosta Rika ba ta wuce miliyan uku da rabi ba, kuma ayaba da gahawa ne aka san ta da su. Ga shi kuma manyan ƙasashe irin su Meziko da Brazil suna cikin waɗanda kamfanin ya duba.

Abubuwa da dama suka taimaka mata. Tun 1948 ƙasar ta rusa rundunar sojanta, ta karkata kuɗi zuwa makarantu da asibitoci, don haka kusan kowa ya iya karatu da rubutu. Akwai zaman lafiya, akwai dokar yankunan ciniki da ake yafe wa haraji, akwai kuma hukumar jawo masu jari mai suna CINDE wadda ta yi ta bibiyar kamfanin. Shugaban ƙasa na lokacin, José María Figueres, da kansa ya shiga tattaunawar.

Masana'antar ta fara aiki a 1998. A 1999, bisa alƙaluman da aka fitar a wancan lokacin, tattalin arzikin ƙasar ya haɓaka da kusan kashi 8 cikin 100, alhali in an cire gudummawar Intel bai fi kashi 3 ba. Shekaru bayan nan, kayan Intel kaɗai sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da ƙasar ke fitarwa waje.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Ba a Kosta Rika ake yin ainihin ƙwaƙwalwar ba. Ana ƙera faifan silikon a manyan masana'antun Intel na wasu ƙasashe, a kawo shi ta jirgin sama, a harhaɗa, a gwada, a sake ɗora shi a jirgi. Kayan masu tsada daga waje suke zuwa, ribar kuma ta masu kamfanin ce. Abin da ake saya a gida yawanci kwalaye ne da kayan naɗi, da ayyuka irin su gini, sufuri, tsaro da abinci. Lambobin fitar da kaya sun yi girma ƙwarai, amma kuɗin da ke kwana a ƙasar bai kai haka ba.

Abin da bincike ya gano a wasu ƙasashe

Kafin a yanke hukunci kan Intel, yana da kyau a ga abin da masana suka samu a wasu wurare, domin sun daɗe suna gwada wannan zato na yaɗuwar ilimi da alƙaluma.

A 1999 Brian Aitken da Ann Harrison suka wallafa nazarin masana'antu fiye da 4,000 na ƙasar Benezuwela, daga 1976 zuwa 1989. Abin da suka auna shi ne ingancin aiki, wato yawan abin da masana'anta ke fitarwa da ma'aikata da injinan da take da su. Sakamakon bai yi wa masu yabon jarin waje daɗi ba. Inda baƙi suka yi yawa a wani fanni, ingancin aikin masana'antun gida na wannan fannin raguwa ya yi. Dalili kuwa a fili yake: baƙon ya ƙwace musu kasuwa, kuma ba shi da wata riba in ya koya wa abokin gasarsa sirrin sana'a.

A 2004 Beata Javorcik ta duba wani ɓangaren da alƙaluman ƙasar Lituwaniya. Maimakon abokan gasa, sai ta bi kamfanonin gida da ke sayar wa baƙin kaya. A nan ta ga amfani. Kamfanin waje yana son wanda ke kawo masa kaya ya kawo mai kyau kuma a kan lokaci, saboda haka yana da dalilin koya masa. Ta kuma lura cewa amfanin ya fito ne daga kamfanonin da baƙi da 'yan ƙasa suka mallaka tare, ba waɗanda baƙi suka mallaka su kaɗai ba.

Tun kafin nan, a 1998, Eduardo Borensztein da José De Gregorio da Jong-Wha Lee sun nazarci ƙasashe masu tasowa 69, suka gano cewa jarin waje yana haɓaka tattalin arziki ne kawai idan ilimin jama'ar ƙasar ya kai wani mataki. Inda babu mai ɗaukar ilimin, ko an kawo shi komawa yake yi da mai shi.

Takardun haraji sun tona asiri

Bincike mafi zurfi kan Kosta Rika kanta ya fito a 2022, daga Alonso Alfaro-Ureña da Isabela Manelici da José Vasquez. Sun yi amfani da bayanan haraji na 2008 zuwa 2017, waɗanda ke nuna wane kamfani ya sayar wa wane. Da haka suka bi sawun kamfanonin gida tun daga shekarar da suka fara sayar wa wani kamfanin ƙasa da ƙasa kaya, ko Intel ko waninsa.

A shekarar farko cinikinsu da sauran abokan hulɗa yakan ragu, domin sabon mai sayen ya cinye ƙarfinsu. Amma bayan shekara huɗu, ma'aikatansu sun ƙaru da kashi 26 cikin 100, ingancin aikinsu ya hau da kashi 4 zuwa 9, cinikinsu da sauran masu saye kuma ya ƙaru da kashi 20. Masu kamfanonin sun ce sun koyi tsarin gudanarwa da kula da ingancin kaya, sunansu kuma ya yi kyau a kasuwa.

Ranar da Intel ya tafi

Da aka rufe masana'antar a 2014, ƙasar ta ji a jikinta, amma ba ta durƙushe ba. Intel ya bar cibiyarsa ta injiniyoyi da ta ayyukan ofis, domin ƙwararrun da aka horar suna nan. Tun zuwansa, cibiyar koyar da fasaha ta ƙasar, TEC, ta gyara manhajarta ta karatun lantarki tare da shi. Ganin Intel ya amince da ƙasar ya sa wasu ma suka biyo baya, irin su Procter & Gamble da Boston Scientific. A yau na'urorin asibiti ne kan gaba a kayan da Kosta Rika ke fitarwa. A ƙarshen 2020 Intel ya dawo da aikin harhaɗawa da alƙawarin dala miliyan 350, kafin ya sake janyewa a 2025.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Masana'antar ta zo sau biyu ta tafi sau biyu, bisa lissafin da aka yi a hedikwatar kamfanin da ke California. Injiniyoyi da kamfanonin gida da suka koyi aiki su ne ba a iya ɗorawa a jirgi.

Me wannan ke nufi ga masu fasaha a Najeriya?

Najeriya ma ta ɗanɗana irin wannan jari. A 2001 MTN da Econet suka biya dala miliyan 285 kowannensu don lasisin wayar salula. Manyan na'urorin sadarwa daga waje ake kawo su, amma a gefen harkar sana'o'i sun tsiro, daga sayar da kati zuwa gyaran waya a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano. A 2020 kuma kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas a kan fiye da dala miliyan 200, wanda shi ma jarin kai-tsaye ne, sai dai a nan 'yan gida ne suka fara gina abin da baƙon ya zo saye.

Don haka idan aka ji sanarwar cewa wani kamfanin fasaha zai zuba dala miliyan kaza, yawan kuɗin ba shi ne abin dubawa na farko ba. A tambaya: me zai saya a gida, kuma a hannun wa? Wane mataki na aikin za a damƙa wa 'yan ƙasa, ɗaure kusa ko tsara na'ura da rubuta manhaja? Akwai makarantar da za ta yaye waɗanda zai ɗauka? Ga matashin da ke da ƙaramin kamfanin manhaja kuwa, binciken ya nuna inda ƙofar take: kwangila ɗaya da babban kamfani, ko da za ta wahalar a shekarar farko, tana iya koya masa abin da zai ci gaba da sayarwa bayan baƙon ya koma gida.