Gyaran da ba a gani: yadda aka rage layin da ke sa murya tsinkewa a intanet

Ɗan ci-rani a Aljeriya yana hira da mahaifiyarsa a Tawa ta WhatsApp, sai wani a gidan ya fara tura bidiyo ta rezo ɗaya da ita. Nan take murya ta dinga tsinkewa. Galibi kamfanin sadarwa ake ɗora wa laifi, amma wani lokacin matsalar tana cikin na'urorin da kansu.

Wayoyin Android da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet suna aiki ne da Linux, wato zuciyar manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991. Duk manhajar da za ta aika saƙo sai ta buɗe wata ƙofa da ake kira soket, Linux kuma ya ware mata rumbun da ƙunshin bayanai ke jira kafin su fita.

Da ma'ajiyar kwamfuta ta yi araha, sai aka yi ta faɗaɗa irin waɗannan rumbuna a ko'ina cikin hanya. Tsohon tsarin TCP kuwa ba ya rage gudu sai ya ga ƙunshi ya ɓace. Babban rumbu yakan ɓoye wannan alama, layi ya yi tsawo, murya ta tsaya bayan bidiyo. A 2010 injiniya Jim Gettys ya laƙaba wa matsalar suna mai ma'anar kumburin rumbu.

A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da CoDel, mai auna daɗewar ƙunshi a layi, ya fara zubar da wasu idan jira ya daɗe yana wuce kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. A shekarar ce kuma Eric Dumazet ya taƙaita abin da kowace soket za ta tara a layin fita zuwa kilobayit 128, don kada guda ta mamaye hanya.

Sai BBR na Google, da ya shiga Linux 4.9 a Disambar 2016. Shi yana auna faɗin hanya da lokacin zuwa da dawowar saƙo, ya aika daidai gwargwado. Google ya ce saurin YouTube ya ƙaru da kashi 4 cikin 100 a duniya, ya haura kashi 14 a wasu ƙasashe.

BBR a ɓangaren mai aikawa yake aiki, don haka mai kallo a Maraɗi ko Damagaram yana amfana ba tare da ya sauya waya ba. Sai dai ba ya maganin ɗaukewar wuta ko raunin rezo a ƙauye.