Ko Ka Sani? Ƙwaron Ƙarfen Da Ke Yawon Duniya A Aljihun Baƙi

Ko ka san akwai wani ɗan guntun ƙarfe da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda kan tashi daga Jamus ya kwana a Japan ya zarce Brazil, alhali ba batir a cikinsa, ba eriya, ba wata na'ura ko kaɗan? Sunansa Travel Bug. Fasalinsa irin na tambarin da sojoji ke ratayawa a wuya ne, da hoton ƙwaro a jikinsa da waɗansu haruffa da lambobi, galibi guda shida. Iyakar abin ke nan. Duk nisan da ya yi, a aljihun mutanen da ba su san mai shi ba ya yi shi.

Ba a gane wannan ƙwaro sai an san wasan da ya haife shi. Taurarin GPS mallakar gwamnatin Amurka ne, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma na'urar hannu tana buƙatar saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta ce ga inda kake. Kafin shekarar 2000 da gangan ake jirkita saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren ya kan kai mita 100. A farkon watan Mayu na shekarar, shugaba Bill Clinton ya ba da umarni a daina, dare ɗaya kuskuren ya ragu da kusan ninki goma. Ranar 3 ga Mayu wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ce bari ya gwada. Ya ɓoye baƙin bokiti a dajin da ke kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai da faifan bidiyo da gwafar harbin tsuntsu da gwangwanin wake, ya haɗa da littafin sa hannu, sannan ya sanar da lambobin wurin a intanet. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in ka ɗauki wani abu, ka ajiye wani. Cikin 'yan kwanaki aka gano bokitin. A watan Satumba wani mai suna Jeremy Irish ya buɗe wa wasan shafin Geocaching.com da irin waɗannan maɓoya 75 kacal. Yau sun haura miliyan uku a ƙasashe sama da 190.

A shekarar 2001 Irish ya saki ƙwaro na farko, wani mai suna Jon Stanley kuma ya buga sulallan farko mai irin wannan aiki. Mutum zai sayi tambarin, ya yi masa rajista da sunansa, ya ɗaura shi a jikin 'yar tsana ko makulli, ya rubuta masa buri: ina so ya ga teku, ko ina so ya kai garin kakata. Sai ya jefa shi cikin wata maɓoya ya yi tafiyarsa. Wanda ya tsince shi zai shigar da lambar da ke jikinsa a shafin, ya ce yana hannuna, in ya kai shi wata maɓoyar ya ce na sauke shi a wuri kaza. Shafin ne ke lissafa kilomitocin yana zana hanyar a taswira. Shi ya sa lambar ta zama sirri. Ba a ɗaukar hotonta a yaɗa, domin duk wanda ya gan ta zai iya rubuta ƙarya cewa ƙwaron na wurinsa. Kuma ba kayan musanye ba ne. Ba sai ka ajiye komai a madadinsa ba, amma ba naka ba ne, kuma al'adar 'yan wasan ita ce kada ya wuce kamar mako biyu a hannunka ba tare da ka gaya wa mai shi dalili ba.

Abin ya yi nisa fiye da yadda kowa ya zata. A 2013 ɗan sama-jannati Rick Mastracchio ya tafi da ƙwaro ɗaya tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, motar binciken Perseverance da ta sauka a duniyar Mars a watan Fabrairun 2021 ma tana ɗauke da lambar bin sawu a jikinta. Har gwangwanin waken nan na Ulmer, da aka tono daga baya duk ya yi tsatsa, an yi masa lamba ana zagayawa da shi taruka.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ka buɗe maɓoya, ka ga tambari sabo fil, ka shigar da lambarsa, sai shafin ya ce ba a yi wa wannan rajista ba. Ba suna, ba buri, ba tarihin tafiya. A wurin kwamfuta ba shi da ubangiji, amma wani ne ya zaro kuɗinsa ya saya, wani ne kuma ya tako har gindin wannan bishiya ya ajiye.

Kafin komai, a sake duban lambar da kyau. Ƙarfen da ya sha ruwa da rana kan goge, sifili ya koma kamar harafin O, 8 ta zama B, 5 ta zama S. Sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. Sai kuma a tabbata abin na wannan shafin ne, don akwai waɗansu tsare-tsaren. GeoKrety, wanda ya samo asali daga Poland, yana da nasa shafin da nasa lambobin. Ƙananan sulallan Pathtags masu huda a jiki kuwa dama don a tara su ake yin su, wanda ya tsinta ya riƙe abinsa.

In lambar daidai take, to, ɗayan biyu ne. Ko dai mai shi sabon shiga ne, ya ɗauka saye kawai ya wadatar, bai san sai ya shigar da wata lamba ta biyu da ke zuwa tare da kayan ba kafin ƙwaron ya fara aiki. Ko kuwa da gangan aka bar shi a matsayin kyauta. Masu kafa sabuwar maɓoya kan yi haka don wanda ya riga kowa gano ta, kuma irin wannan yawanci yana cikin ledarsa, da lambar rajistar a manne, wani lokacin da 'yar takarda mai cewa naka ne. Idan ka ga haka, ba sauran tambaya, ka yi masa rajista da sunanka. Amma in ka tarar an ɗaura shi a jikin wata 'yar mota, an liƙa takarda da rubutun yaro cewa a kai ni Faransa, wannan ba kyauta ba ce, mantuwa ce.

A nan ne nake ganin mutane suka fi yin gaggawa. Ba wuya a samo lambar rajistar, domin masu ƙera kayan kan ba da ita ga wanda ya nuna lambar da ke jikin ƙarfen, sai sauƙin ya sa mutum ya ga kamar halas ne. Hukuncinsa dai na tsintuwa ne, ita kuwa tsintuwa cigiya ake fara yi mata. Wurin cigiyar ma a fili yake. Littafin sa hannun da ke cikin maɓoyar yana ɗauke da sunayen waɗanda suka zo kafin kai, kuma mai yiwuwa ɗayansu ya rubuta cewa ya ajiye ƙwaro. Shafin maɓoyar a intanet ma yana da bayanan masu ziyara. A aika wa mai maɓoyar saƙo, a aika wa mutum biyu ko uku na ƙarshe, a kuma rubuta a bayanin ziyara cewa na sami ƙwaro marar rajista mai kama kaza, yana hannuna. A faɗi kamanninsa, kada a faɗi lambarsa, don ita ce shaidar da mai shi na gaskiya zai kawo. Tambarin Travel Bug biyu-biyu ake sayar da shi, ɗaya ya yi tafiya, ɗaya ya zauna a gida, saboda haka mai shi na iya karanto lambar daga kwafin da ke wurinsa.

Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauke shi a jefa a wata maɓoyar haka nan. Tun da ba shi da rajista, ba inda za a rubuta tafiyarsa, kuma kowace ƙaura na ƙara nesanta shi da littafin da ke ɗauke da sunan mai shi. Gara a bar shi inda yake, ko a riƙe shi a yi cigiya.

Idan makonni suka shuɗe ba wanda ya amsa, waɗansu 'yan wasan kan yi masa rajista da sunansu, su rubuta a shafinsa inda suka tsince shi da ranar, tare da cewa duk wanda ya zo da shaida za a mayar masa. Wannan mai yiwuwa ne, don shafin yana da hanyar miƙa mallakar ƙwaro daga wani zuwa wani, kuma tarihin tafiyar da ya riga ya yi ba ya gogewa in an miƙa.