Yadda Jam'iyyar Rifablikan Ta Rabu Kan Dokar Magani A Amurka

A ƙasar Amurka magani ba kyauta ba ne. Galibin mutane su kan biya wani kamfani kuɗi wata wata, in ciwo ya same su kamfanin ya ɗauki nauyin likita da asibiti. Wannan shi a ke kira inshora. Wanda ba shi da ita kuwa, jinya guda ta isa ta cinye abin da ya tara duka.

Ran 23 ga Maris, 2010, Shugaba Barack Obama na Jam'iyyar Dimokarat ya sa hannu a kan wata doka don gyara wannan al'amari. Dokar ta hana kamfanoni ƙin karɓar mutum don yana da tsohon ciwo. Ta ce kowa ya yi inshora ko ya biya tara. Ta kuma buɗe wa ƙarin talakawa ƙofar Medicaid, watau tsarin da Gwamnati ke biya wa marasa hali kuɗin magani. Ba ɗan Rifablikan ko ɗaya da ya ba ta ƙuri'a ranar da a ka zartar da ita. Su ka laƙaba mata suna Obamacare, su ka yi shekara bakwai suna alkawarin soke ta. Har sun taɓa zartar da dokar sokewa, amma Obama ya ƙi sa hannu cikin Janairu, 2016.

Da Donald Trump ya hau mulki cikin Janairu, 2017, sai ya zamana Shugaban Ƙasa nasu ne, Majalisar Wakilai tasu ce, Majalisar Dattawa ma suna da kujera 52 cikin 100. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe a nan ta fara.

Abin da ya raba su shi ne, in an soke, me za a sa a madadinta? Waɗansu masu tsauri a Majalisar Wakilai, a ƙarƙashin Mark Meadows, su ka ce a tumɓuke ta har saiwa, domin a ganinsu Gwamnati ba ta da hurumi a cinikin magani. Waɗansu kuma su ka duba gida. Jiha 31 sun riga sun karɓi ƙarin Medicaid, har da waɗanda gwamnoninsu 'yan Rifablikan ne, kamar John Kasich na Ohio, wanda ya fito fili yana kare shi. Mutanen da za su rasa magani, ai su ne masu ƙuri'a a garuruwan waɗannan wakilai. Ana cikin haka ofishin da ke yi wa Majalisa lissafi ya ce in sabon shirin ya zama doka, marasa inshora za su ƙaru da mutum miliyan 24 kafin 2026.

Paul Ryan, Shugaban Majalisar Wakilai, ya rasa inda zai sa kansa: in ya ƙara tsauri masu sassauci su gudu, in ya sassauta masu tsauri su juya baya. Ran 24 ga Maris ya janye shirin ba a ko jefa ƙuri'a ba. Bayan an yi masa kwaskwarima ya wuce da ƙyar ran 4 ga Mayu, 217 da 213, 'yan Rifablikan 20 na cikin waɗanda su ka ƙi.

A Majalisar Dattawa abin ya fi wuya, gama shugabansu Mitch McConnell in ya rasa mutum uku, shi ke nan. Ya tsara shirinsa a ɓoye, ba a kai shi gaban kwamiti an saurari jama'a ba, wannan kuwa ya ɓata wa waɗansu nasa rai. Rand Paul na Kentucky ya ce shirin bai soke kome ba. Susan Collins ta Maine ta ce ya yi ɓarna da yawa.

A ganinmu ƙuri'ar da ta fi tona asiri ita ce ta 26 ga Yuli. An kawo kusan ainihin dokar sokewar nan da Obama ya ƙi sa wa hannu, sai ta faɗi, 45 da 55. 'Yan Rifablikan bakwai su ka ƙi ta, shida daga cikinsu kuwa sun yarda da ita a 2015. Me ya sāke? A wancan lokaci sun san akwai wanda zai tare ta. Yanzu kuwa alƙalami na hannun mai sa hannu, kowa zai ɗauki alhakin ƙuri'arsa.

Daga ƙarshe a ka rage shirin ya zama ɗan kaɗan, wai ko a sami abin da za a ce an yi. A ka kai tsakar dare ana mahawara. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na daren da ya wayi 28 ga Yuli, John McCain na Arizona, tsohon soja, wanda ba a daɗe da gano masa ciwon daji a ƙwaƙwalwa ba, ya matso gaba ya miƙa hannu, ya karkata babban yatsa ƙasa. Collins da Lisa Murkowski ta Alaska sun riga sun ƙi. A ka tashi 49 da 51. Shi McCain ba son dokar Obama ya ke yi ba. Ƙorafinsa shi ne an bar hanyar da Majalisa ta saba bi, an ƙi shawara da ɗaya ɓangaren.

An sāke gwadawa cikin Satumba, ba a kai ga ƙuri'a ba. Abin da su ka iya shi ne, cikin Disamba su ka cusa wani sashe a dokar haraji wanda ya mai da tarar nan sifiri daga 2019. McCain ya rasu cikin Agusta, 2018. A zaɓen Nuwamba na shekarar 'yan Dimokarat su ka riƙe maganar magani, su ka ƙwace Majalisar Wakilai. Cikin Yuni, 2021, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar da Texas da waɗansu jihohi su ka kai don a rushe dokar.