Injin gashin daji ya iso, ina mai awo?

A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyin maganin ciwon daji guda uku, ɗaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, sauran a Inugu da Benin. Dole a yi murna. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna kusan mutum 128,000 ke kamuwa da cutar a Nijeriya cikin shekara, kusan 80,000 take kashewa, kuma wajen rabin masu ita na buƙatar gashi. Sai dai hirar duk ta ƙare a kan injuna nawa aka sayo da nawa suka rage. Wanda zai auna abin da injin ke fesawa jikin mara lafiya, ba a cika jin an ambace shi ba. A ganina nan gizo ke saƙa. Injin gashin da ba a tabbatar da awonsa ba bai zama magani ba tukuna, komai tsadarsa.

Macen da sankarar mama ko ta bakin mahaifa ta kama a Kurya Madaro, daga Ƙaura Namoda za a tura ta Gusau. Zamfara ba ta da injin gashi, don haka sai Sakkwato ko Zariya, yanzu kuma Katsina. Gashin da aka saba yi kaɗan-kaɗan ne: Gray 2 a rana (Gray shi ne ma'aunin yawan gashin), kwana biyar a mako, har mako biyar zuwa bakwai. Ga kuɗin mota da masauki, ga mai jinya da ya bar gona, ga hanyar da mutanen Shinkafi da Zurmi suka san ba kullum take biyuwa ba. Duk dabarar da za ta rage waɗannan makonni, wannan mata ta fi kowa buƙatarta.

Shi ya sa labarin FLASH, dabarar bayar da gashi cikin ƙiftawar ido, ke da daɗin ji. A 2014 Vincent Favaudon da abokan aikinsa a Cibiyar Curie ta Faransa suka nuna cewa idan aka ba ɓera gashi da gudun da ya kai Gray 40 a daƙiƙa ɗaya, ƙarin daji yana mutuwa kamar yadda aka saba, amma huhu mai lafiya ba ya lalacewa sosai. Injin asibiti kuwa Gray ƙalilan yake bayarwa a minti guda. A 2018 likitocin Lozan ta ƙasar Suwizalan suka gwada a jikin wani dattijo mai shekara 75 da ke da dajin fata. An ba shi Gray 15 da ƙwayoyin ilektiron cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

Mene ne ya hana dabarar bazuwa har yau? Akwai batun zurfi, domin ilektiron na irin waɗannan injuna santimita kaɗan yake shiga jiki. Akwai kuma cewa masana ba su gama yarda a kan dalilin da nama mai lafiya ke tsira ba. Amma babban cikas shi ne awo.

Abin da ake auna gashi da shi wani ɗan ƙoƙo ne mai iska a ciki, wanda ake nutsawa a tankin ruwa a ƙarƙashin injin, saboda ruwa na shan hasken kusan yadda naman mutum ke sha. Haske na ratsa iskar sai ta rabu zuwa caji iri biyu, wutar lantarki ta janye kowanne gefe guda, mita ta ƙirga. Injin ba ya sakin haske a miƙe, bugu-bugu yake yi. A gashin yau da kullum kowane bugu bai kai kashi ɗaya bisa dubu na Gray ba, cajin da ke ɓacewa kafin a ƙirga ɗan kaɗan ne, lissafi na gyara shi. A FLASH bugu ɗaya na iya wuce Gray guda. Caji ya cunkushe a ɗan ƙoƙon, ya riƙa haɗewa da juna kafin a kwashe shi, har rabi ko fiye na iya salwanta. Mita sai ta nuna ƙasa da abin da ya fito, wanda ya gaskata ta kuma ya ƙara wa mara lafiya wuta.

A duba lissafin Lozan. Gray 15 ɗin nan bugu goma ne. Da injin ya zarce da bugu ɗaya tak, kuskuren ya kai kashi 10 cikin ɗari, alhali ƙa'idar da ake bi tun 1976 ita ce kada a kauce da fiye da kashi 5. Babu ɗan adam da zai iya danna maɓalli ya tsayar da abin da ke ƙarewa kafin ƙiftawar ido. Wannan ya sa a 2019 cibiyoyin awo na Turai, ƙarƙashin jagorancin PTB ta Jamus, suka haɗu a shirin UHDpulse don nemo sabon ma'auni. An koma ga fim mai canza launi, da ƙwayar alanin, da ma'aunin lu'ulu'u, da ƙoƙon da tazarar cikinsa ba ta wuce rubu'in milimita ba. Masu kuɗi da ƙwararru sun yarda su jinkirta har sai mudunsu ya daidaita. A kasuwar Ƙaura, in an tauye mudu mai saye na gani da idonsa ya yi magana. A ɗakin gashi mara lafiya ba ya ganin komai, ba ya jin komai.

Tarihin injunan da muke sayowa yanzu ma ya isa gargaɗi. A 1990 a Saragosa ta Sifen, gyaran da aka yi wa injin ilektiron ba tare da an sake auna shi ba ya jawo wa marasa lafiya 27 gashin da ya wuce kima, wasu suka mutu. A 1996 a Kosta Rika an sauya ƙwayar kobal, mai awo ya ɗauki 0.3 na minti a matsayin daƙiƙa 30 maimakon 18, mutum fiye da ɗari suka ƙone. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na wani asibiti a Arewacin Staffordshire ta Ingila, inda daga 1982 zuwa 1991 aka riƙa ba mutum kusan dubu ƙasa da abin da likita ya rubuta. Ƙuna tana tona kanta. Tauyewa kuwa ba ta da alama: ciwo ya dawo, dangi su ce kwana ya ƙare, babu mai zargin injin.

Yanayinmu na ƙara wa aikin wuya. Iskar cikin ƙoƙon awo na bin zafin ɗaki, duk digiri uku na sauya sakamako da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, don haka mai awo ba ya rabuwa da ma'aunin zafi da na nauyin iska. Ƙa'idar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ɗauka laimar iska na tsakanin kashi 20 da 80, hunturun Sakkwato kuwa na iya bushewa ƙasa da haka. Ga ƙura, ga ɗaukewar wuta da ke kashe na'urar sanyaya ɗaki. Shi kansa ƙoƙon sai an riƙa kai shi ɗakin tantance ma'auni duk shekara biyu ko uku, namu kuma yana Ibadan. Bayan duk wannan, masanin fiziks na asibiti da ya ƙware a aikin shi ne wanda ƙasashen waje ke saurin ɗaukewa.

Masu cewa a fara samun injunan tukuna suna da hujja. Layi ya yi tsawo, injuna na lalacewa a yi watanni ana jira, kuma mutanen da rashin gashi ke kashewa sun ninka waɗanda kuskuren awo ya taɓa kashewa. Na yarda. Amma kayan awo da albashin mai awo ba su kai ko kusa da kuɗin injin ɗaya ba, saboda haka ba talauci ke sa a tsallake su ba, rashin ɗaukarsu da muhimmanci ne. Ba a yanka ƙyallen buɗe tankin ruwa.

Kuma hanyar rage wa matar Kurya zaman jinya tana nan ba sai an jira FLASH ba. Gwajin FAST-Forward na Birtaniya da aka fitar a 2020 ya nuna ga mata da yawa masu sankarar mama, Gray 26 a zama biyar cikin mako guda na yin aikin da ake yi a mako uku. Injunan da muke da su na iya wannan. Sharaɗin dai shi ne, da zama ya ragu kowane zama ya yi nauyi, kuskure ɗaya ya zama kashi ɗaya bisa biyar na maganin duka.

Don haka abin da ya kamata majalisa da gwamnonin Arewa maso Yamma su nema a bayyane yake. Kowace kwangilar inji ta zo da kayan awo da kuɗin kula da su. A tanadi guraben masana fiziks da albashin da zai riƙe su. Tun 1969 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aika wa asibitoci ƙananan ma'aunai ta gidan waya, a haska su a mayar Austiriya a duba ko injin na faɗin gaskiya. Ya kamata Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya ta wajabta wa kowace cibiya irin wannan binciken na waje, a kuma fitar da sakamakon kowa ya gani. Cibiyar da ba ta iya nuna takardar awonta ba, bai halatta ta kwantar da mara lafiya ƙarƙashin injinta ba.